Injiniya Ya'u da Kwamfutar Tafin Hannu

Ya'u bai taɓa zama a ajin koyon aikin injiniya ba. Gadin wani shagon gyaran talabijin ya yi a Kano, amma tun da ya dawo Ɗanzomo ya hana kowa kiransa da sunan yanka tsirara. Injiniya Ya'u ne, in ka manta zai tuna maka. Shi ya gyara rediyon liman ta daina kama ko'ina sai wata tasha mai yaren da ba wanda ya taɓa ji. Shi ya taɓa injin markaɗen maƙwabciyarsa Adda ya koma juyi da baya. Duk da haka, in ana hira a tashar 'yan acaɓa, muryarsa ce a sama.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Mansura, wata bazawara mai aiki a ɗakin shan magani na garin. Ba ta ce tana so ba, ba ta ce ba ta so ba, dariya kawai take yi in ya zo zance. Amma ta gaya masa magana ɗaya: ba za ta auri wanda Goggo Laraba ba ta sa wa albarka ba, don Goggon ce ƙanwar mahaifinta, ita ta riƙe ta tun daga yaye. Sharaɗin Goggo kuwa ba shi da tsawo.

"Ka zo min da sana'a," ta ce da shi. "Wadda zan nuna da yatsa in ce ga ta. Baki ba sana'a ba ne, sai ga maroƙi."

"Goggo, ai ni sana'a yawa ta yi min."

"To rage, ka kawo guda."

Yana da rago ɗaya, wani ƙaton balami da ya turke yana ba shi dusa da harawa. Ranar Alhamis ya ɗaure shi a bayan babur ya nufi kasuwar Maigatari, da niyyar ya sayar ya sayo injin faci. Bai kai kara wajen masu dabbobi ba ya ratsa ta layin 'yan gwanjo, inda wani mutumin Damagaram ya baje tsofaffin kayan Turawa a kan tamfol. A tsakanin wani agogon bango da tulin igiyoyin waya Ya'u ya hango wani baƙin abu mai kama da gidan tabarau. Ya ɗauka ya buɗe. Sama ɗan gilashi ne mai ruwan toka, ƙasa kuma madannai jere reras, ƙanana kamar haƙoran ɓera.

"Mushe, wannan fa?" ya ce, yana kwaikwayon yadda 'yan Nijar ke cewa malam da Faransanci.

"Ordinatar ce ta aljihu," in ji ɗan gwanjon, wato kwamfuta a bakin mutanen ƙetare. "Amma tsohuwa ce ƙwarai. Daga ɗakin ajiyar wani ofishi aka kwaso ta."

Ya'u ya juya baya don kada a ga murmushinsa. Shi dai ya san tarihin kwamfuta, ya ji masu gyara suna faɗa a Kano. Da girman ɗaki ta fara, ta dawo ta tebur, ta dawo ta cinya. Kullum raguwa take yi. To wadda ta ragu har ta zauna a tafin hannu, ai ita ce autarsu, watakila ma ba ta iso Abuja ba tukuna. Ga ta a hannun wanda bai san darajarta ba.

"Mu yi musaya," ya ce, ya nuna ragon.

Ɗan gwanjon ya dubi ragon, ya dubi Ya'u, ya sake duban ragon. "Allah ya shaida na gaya maka tsohuwa ce."

"Na ji. Ni injiniya ne."

Mutumin ya karɓi igiyar ragon. Tausayi ya sa ya ƙara masa da wata hular sanyi kyauta.

Kafin la'asar Ya'u ya iso rumfar Hamza mai cajin waya. Hamza taubashinsa ne, ɗan kawunsa, saboda haka bakinsa a sake yake a kansa.

"Bawana, ina ragon?"

"Ragon ya zama ilimi. Matsa min, ubangidanka zai yi caji." Ya ajiye abin a kan benci, jama'a suka fara taruwa. "Ku kalla da kyau. Cibiyar Kwamfuta ta Injiniya Ya'u ke nan. Daga yau ba mai zuwa Gumel cike takarda. Rajistar jarrabawa, hoto, wasiƙa zuwa Makka, duk a nan."

Hamza ya gwada bakin caja na farko, bai shiga ba. Ya gwada na biyu, ya gwada siririn nan na tsofaffin wayoyi, ya zazzage buhun cajojin da masu su suka manta. Babu wanda ya yi daidai. Yana juya ta sai wani murfi ya zame a bayanta, ga gurbin batir biyu, irin sirara na ƙaramar tocila.

"Injiniya, tocilarka ce ta zo da haƙora."

"Jahilci ciwo ne," in ji Ya'u. "An yi ta ne don ƙasar da ba wuta. Kai da sana'arka ta ƙare, me za ka ce?"

Aka sayo batir aka sa. Abin ya yi ƙara ɗis, baƙaƙen haruffa suka fito a gilashin. Babu launi, babu haske. Sai an karkata ta wajen rana ake ganin rubutun. Wani ɗan acaɓa ya ce a kunna musu ƙwallo. Ya'u ya ce wannan ba ta wasan yara ba ce. Wani ya ce a ɗauke shi hoto. Ya'u ya ce sai an sa mata layi. A gefenta akwai wata doguwar tsaga, sai ya miƙa hannu ya ce Hamza ya ara masa sim.

"Ba zai yi mata kaɗan ba?"

"Ita ke kamawa da kanta."

Ya jefa. Sim ya shige, ya yi shiru. Da ya girgiza ta sai aka ji shi yana ƙas-ƙas a ciki kamar tsakuwa a gwangwani.

"Ya'u, layin da matata ke kirana da shi ne."

"To ka huta."

Garin zaƙulo layin da tsinke ne ya ɓalle wata 'yar ƙofa a ƙasanta, wani farin ƙarfe mai sheƙi, zagayayye kamar kwabo, ya faɗo a cinyarsa. Ya damƙe shi kafin kowa ya gani da kyau. Azurfar Turawa! Mai ita ya ɓoye ya manta. Da yammar nan ya kai wa Mansura toshi, a naɗe cikin takardar alewa.

Ta juya shi a tafin hannunta, ta karanta rubutun jikinsa, ta ciji leɓe. "Malam Ya'u, azurfa ka ce?"

"Tsantsa. Irinta ba ta shigowa ƙasar nan."

"To na gode. Zan adana." Ta ƙulle shi a bakin mayafinta, tana danne dariya.

Washegari aka shiga neman sabis. Ya'u ya ɗaga kwamfutar sama a tsakiyar tasha, shiru. Ya hau tudun bayan makaranta, shiru. Ya ce sabis ɗin Najeriya ne ya yi mata rauni, na Nijar take so, ya hau rufin rumfar mai shayi ya fuskanci arewa. Rumfar ta zana ce da 'yan sanduna. Ta yi haƙuri gwargwadon iyawarta, sannan ta sauke shi a kan teburin burodi. Kwamfutar ba ta ko ƙwarzane ba. Injiniya ne ya yi kwanaki yana zama da gefe ɗaya.

Yana wannan jinya a ƙofar gida Malam Habibullah ya biyo, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gona na gwamnati. Ya ga abin ya tsaya cik.

"Ikon Allah! Miƙo in gani." Ya gyara tabarau. "Rabona da irin wannan tun shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano. Wani Bature mai auna rijiyoyi yana da ita. A lokacin, wanda ya zaro wannan daga aljihu sai a tashi a ba shi kujera."

"Kun ji ko?" Ya'u ya ce da masu wucewa. "A ba shi kujera."

"A lokacin na ce, Ya'u. Kafin wayar hannu ta zo ƙasar nan. Ba ta kira, ba ta hoto, ba ta san wani abu wai shi intanet ba. Lissafi take yi, da rubutu, da agogo, da kalanda. In za ta gaisa da babbar kwamfuta sai an haɗa su da igiya. Wannan tsagar ta katin ajiya ce, nata na musamman." Dattijon ya danna nan ya danna can, sai ga kalanda ta fito. Ya nuna masa yadda ake sa kwanan wata na kowace shekara ta faɗi ranar da ya faɗo. Sannan ya ɗaga yatsa. "Amma ka kiyaye abu ɗaya. Ƙwaƙwalwarta kamar fitila ce, muddin da wuta tana tune. Wuta na ɗaukewa za ta manta har sunanta. Shi ya sa aka yi mata wani ɗan batir mai kama da kwabo a ƙasa, shi ne mai gadi in an cire manyan. Ka duba shi, in ya mutu masu agogo a Gumel suna da irinsa. Yana nan dai?"

Ya'u ya tuna bakin mayafin Mansura. "Yana nan daram, Malam."

Da dattijon ya wuce ya ce a ransa tsufa ne. Wa zai yi batir da azurfa? Cikin duk bayanin, abu biyu kawai kunnensa ya riƙe: kati, da faɗin ranar haihuwa.

Ranar kasuwa ya kafa tebur kusa da rumfar Hamza, ya rataya kwali: A ZO A SAN RANAR HAIHUWA. Kowa ya miƙo katin zaɓensa, Injiniya ya duba kwanan watan da ke jiki ya danna. Abin da bai lura da shi ba shi ne, yawancin dattawan garin ba wanda ya rubuta ranar da aka haife su. Da masu rajista suka zo, shekara suka kintata, suka sa wa kowa ɗaya ga Janairu.

"Ɗanladi mahauci," ya yi shela, "kai ranar Alhamis aka haife ka. Ɗanlami ne kai."

"Uwata ta ce Lahadi."

"Uwarka tana da kwamfuta?"

Jummai mai ƙosai ta koma Talatu. Altine makiyayi, wanda ya shigo da shanu daga ruga, aka ce masa shi Ɗanjuma ne. Ya ɗora sanda a kafaɗa ya ce in Injiniya ya ƙara faɗa zai gaya masa ranar mutuwarsa ba da na'ura ba. Kafin azahar rabin kasuwa ba ya amsa sunansa, sauran rabin yana tsokanarsa da sabo.

Hayaniyar ce ta jawo Goggo Laraba, da kwandon kuka a kanta.

"Wannan ce sana'ar?"

"Ita ce, Goggo. Kawo katinki, ke kyauta ne." Ya danna, ya karkata gilashin wajen rana, ya yi gyaran murya. "Goggo, sai dai haƙuri. Ke Asabe ce."

"Ni?"

"Ba ni na faɗa ba."

"Ranar Laraba aka haife ni, ana ruwa, ungozoma ta zame a ƙofar ɗaki ta karya ƙafa. Duk garin nan an sani."

"To bari ta karanta katin da kanta, kada a ce son kai." Ya tura katin Goggo cikin tsagar gefe. Abin mamaki, faɗinsa ya yi daidai kamar don shi aka yi ta. Jama'a suka ce, "Kai!" Ya'u ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara turawa da babban yatsa har katin ya ɓace. Aka jira. Babu abin da ya faru. Ya danna ɗan maɓallin da ke gefen tsagar, maɓallin ya shige bai dawo ba.

"Tana nazari," ya ce.

Hamza ya leƙo daga rumfarsa. "Goggo, ki yi masa sallama. Layina ma can ya tafi, sun yi aure da katinki."

Goggo ta sauke kwandon a hankali, abin da duk wanda ya san ta ya san ba alheri ba ne. Ya'u ya ga Mansura na shirin kuɓuce masa, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Goggo, tsaya! Wannan duk ƙaramin aikinta ne. Babban aikinta ajiya. Ba kullum kina cewa yaran yanzu ba sa sauraron asalin gidanku ba? Ki faɗa min in zuba a nan. Takarda gara ke ci, mutum mutuwa yake yi. Abin da ya shiga cikin nan kuwa, har tashin duniya."

Nan ya taɓa ta inda yake mata ƙaiƙayi. Ita kaɗai ta rage da ta san jerin kakanninsu tun daga Malam Abdurra'uf Mai Farin Raƙumi, wanda ya taso daga gabas ya haƙa rijiyar da unguwarsu ke sha. In ta fara ba da labarin, jikoki sai su zare jiki ɗaya bayan ɗaya.

"Har tashin duniya ka ce?"

"Ko bayan nan."

"To. Zan faɗa ka rubuta. Ran da ka gama zan tara dangi da mai unguwa ka karanta musu. In ka karanta daidai, na yafe katin, a sa rana. In ka ɓata min kakanni, ko hanyar gidana kada ka ƙara bi."

Aikin ya ci makonni. Kullum da hantsi Ya'u na durƙushe a zauren Goggo, tana taunar goro tana jero sunaye, wane ya haifi wane, wance ta auri wane, shekarar fara, shekarar da rijiya ta rufta aka sake haƙa ta. Yatsunsa sun yi wa madannan kauri, in ya danna ɗaya uku ke fitowa, sai ya koma dannawa da tsinken tsire. Idonsa ya yi ja, wuyansa ya ƙage. Amma fa ya rubuta. Ko Hamza da ya leƙa ya ga layuka jere, sai da ya ce, "Bawana, wannan karon kamar ka yi abin kai." Ya'u bai saurari ko ɗaya daga cikin labarin ba, kunnensa na kan harafi, ba kan magana ba. Me zai sa ya wahalar da kansa, ga mai riƙewa?

Aka sa taron ranar Asabar bayan la'asar. Da safiyar ranar ya kunna ta don ya yi bita, sai wani ɗan rubutu ya fito a ƙasan gilashin, haruffan kuma suka yi fari-fari kamar shayin da aka yi wa ruwa. Wannan kam ya gane shi: batir ya yi sanyi. Ya yi dariya. Ciwon da kowane yaro a ƙasar Gumel ya san maganinsa! Tun yana ƙarami haka ake yi wa batirin rediyo da na tocila: a cire, a ɗan ciza gefensa, a shanya a rana ya sha zafi, ya dawo da ƙarfinsa. Maganar Malam Habibullah ta ɗan gifta masa, ya kore ta kamar ƙuda. Bature ya yi dokarsa ne don ƙasarsu da ba rana.

Ya zare batiran biyu, ya ɗan ciccije su, ya jera a kan kwanon ɗakinsa. Ya tafi wajen wanzami, ya karɓo babbar riga aro, ya biya tasha ya gayyaci duk wanda bai riga ya gayyata ba.

La'asar na yi ƙofar gidan Goggo ta cika. An shimfiɗa tabarmi, mai unguwa na kan kujera, Malam Habibullah na gefensa. Mata na leƙe daga zaure, Mansura a gabansu. Ɗanladi mahauci da Jummai mai ƙosai sun zo da wuri sun kama wuri mai kyau, don suna da tsohon haushi. Ya'u ya iso da hular sanyin nan a kansa duk da zafin da ake yi, ya ɗaga batiran sama.

"Ku taɓa ku ji. Wutar Allah, ba ta kamfani ba."

Ya sa su, ya rufe murfin, ya danna. Ta yi ƙara ɗis, haruffa suka fito baƙi wuluk. Ya yi murmushi. Ya danna inda rubutun yake zama. Babu komai. Ya fita ya sake shiga. Fili fetal, sai wani ɗan layi a kusurwa yana ƙyafta masa ido.

Gumi ya tsattsafo daga ƙarƙashin hular.

"Muna jinka, Injiniya," in ji mai unguwa.

Ya'u ya kusanto da gilashin daf da hancinsa yadda ba mai gani, ya buɗe murya. "Bismillahi. Asalin wannan gida mai albarka. Na farkonsu shi ne Malam... Malam Abdul... Abdulfatah."

"Abdurra'uf," in ji Goggo.

"Haka ta rubuta, rana ce ta haske min. Malam Abdurra'uf mai farin... jaki."

Aka yi gunaguni. Goggo ta daina taunar goro.

"Wanda ya taso daga... daga Haɗeja."

Wurin ya ɗauki sowa. A ce wa mutumin ƙasar Gumel kakansa Bahaɗeje ne, a gaban jama'a, ai ko a wasa sai an shirya. Wani tsoho daga dangin ya miƙe yana neman sandarsa. Ya'u ya ƙara sauri, ko gudu zai fitar da shi.

"Ya zo ya faɗa rijiya, ya auri Hussaini, suka haifi Halimatussa'adiya, ita kuma ta haifi fara..."

"Ya auri wa?" Goggo ta miƙe tsaye.

Hamza ya zagayo ta baya ya zare kwamfutar daga hannunsa, ya karkata ta wajen rana. "Jama'a, wallahi allon nan ya fi tafin hannuna tsabta. Babu raƙumi, babu jaki." Ya miƙa wa Malam Habibullah.

Dattijon ya duba, ya juya ta, ya buɗe 'yar ƙofar ƙasa. Gurbin ya yi masa hamma. "Ya'u, ina mai gadin? Ka ce min yana nan daram."

Ya'u ya saci kallon bakin zaure.

Mansura ta tako daga zaure tana kwance bakin mayafinta. "Ko wannan ake nema, Baba? Azurfar da aka kawo min toshi ce." Ta ɗaga shi ya yi walƙiya. "Irinta ce a cikin na'urar gwajin sukari ta wurin aikinmu. Muna da azurfa cike da kwali."

Jummai mai ƙosai ta faɗi a kan ta kusa da ita don dariya. Ɗanladi mahauci ya yi ta bugun cinya yana cewa, "A tambaye ta sunanta! A tambaye ta ranar da aka haife ta!"

"Ta faɗa ai," in ji Malam Habibullah, yana duban gilashin. "Ta koma ranar da agogonta ke farawa. A wurinta yau Talata ce, ɗaya ga Janairu, 1980."

"Ita ma ɗaya ga Janairu!" Hamza ya riƙe ciki. "Ashe masu rajista sun biya ta kanta."

Goggo ta ɗaga hannu, aka yi tsit. Ba ta dubi Ya'u ba. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta fuskanci jama'a, ta fara: Malam Abdurra'uf Mai Farin Raƙumi, wanda ya taso daga gabas, ya sauka a gindin tsamiya, ya haƙa rijiya; ya auri Halimatussa'adiya, suka haifi Hussaini da Safiya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, da matansu, da shekarar fara, da ruftawar rijiya, har ta sauko kan jaririn da aka raɗa wa suna a watan jiya. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Jikokin da suka saba zare jiki kuwa ba wanda ya motsa, don kowa na jira ya ji ko akwai jaki a ciki.

Da ta kai aya ta juyo. "Ka ji tawa ƙwaƙwalwar. Ba a shanya ta."

"Goggo, in aka sake zama, cikin mako biyu..."

"Miƙo ta nan." Ta karɓi kwamfutar daga hannun Malam Habibullah ta soke a ƙugu. "Katina na ciki. Ranar zaɓe da ita zan je, su san yadda za su yi."

"Da layina, Goggo," in ji Hamza.

"Ka gaya wa matarka ta kira ni."

Ya'u ya durƙusa, babbar rigar aro ta baje a ƙasa. "To maganar sa rana fa, ranki ya daɗe?"

"Wace shekara na'urarka ta ce muna ciki?"

Ya yi ƙasa da murya. "1980."

"Kai ka ce ba ta ƙarya, har ka canza min suna a kanta. To a wannan shekarar ba a haifi Mansura ba. Ni kuwa ba na ba da auren wadda ba ta zo duniya ba. Je ka jira. In an haife ta, ta girma, za mu aiko maka."

Taro ya watse da dariya, kowa na kiran kowa da sunansa na asali. Ya'u ya miƙe yana karkaɗe riga. Da ya zo wucewa ta bakin zaure, Mansura ta kama hannun rigar ta danƙa masa ɗan farin ƙarfen a tafi.

"Riƙe azurfarka, Malam Ya'u," ta ce a hankali. "Ka kai Maigatari ranar Alhamis. Watakila a samu wani injiniyan mai rago."